Makullin Mota In Ya Maƙale

Yau maganar mota za mu yi, amma ba maganar inji ko taya ba. Maganar wani ɗan ƙarfe ce wanda bai fi tsawon yatsa ba, watau makullin da a ke ta da mota da shi. Direbobi su kan ce da shi ki.

Watakila wani zai ce, "Ni manomi ne, ba ni da mota, ina ruwana da makullinta?" To, da ruwanka. Motar da ke kai gyaɗarka da wakenka kasuwa, da makulli a ke ta da ita. Motar da za ta kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ita ma haka. Ran da makulli ya maƙale, ya ƙi juyawa ko ya ƙi fita, mutane su kan taru, kowa yana ba da shawara. Wannan ya ce a kawo filaya, wancan ya ce a buga da dutse. Irin wannan shawara ita ke mai da ƙaramin aiki babba. In a cikin taron akwai mutum guda wanda ya san abin da ya kamata a yi, ya hutar da mai mota da fasinja duka.

Ga abin da na ke so ku riƙe tun daga farko. Makulli ba ya maƙalewa haka kawai. Kullum akwai abin da ke riƙe da shi. Aikinka ka gano abin nan, ka sa ya sake shi. Ƙarfi ba ya fid da makulli, sai dai ya karya shi.

Yadda Makulli Ke Aiki

A da, da wani lanƙwasasshen ƙarfe a ke ta da mota. A zura shi ta gaba, ƙato ya yi ta juyawa har inji ya kama. Daga baya aka yi maɓallin da a ke dannawa. A shekarar 1949 kamfanin Chrysler na Amurka ya fito da motocin da murɗa makulli kaɗai ke ta da su, sauran kamfanoni suka bi. Yanzu akwai sababbin motoci waɗanda aka koma danna maɓalli, amma yawancin motocin da ke bin hanyoyin ƙauye har yanzu masu makulli ne. Su za mu yi magana a kai.

Ku dubi makulli. Yana da haƙora, wani dogo, wani gajere. Cikin ramin da a ke sa shi akwai waɗansu 'yan ƙarafa sirara, a jere, kowanne da ɗan sifirin da ke tura shi. In ba makulli, 'yan ƙarafan nan suna leƙowa waje, suna hana abin juyawa, kamar sakata. In makullin gaskiya ya shiga, haƙoransa su kan daidaita su duka, sai abin ya juya. In ko ɗaya daga cikinsu bai zauna daidai ba, ba zai juya ba. Abubuwa ne ƙanana ƙwarai, ba su jimre duka. Makullin kuma da tagulla a ke yinsa, ko wani ƙarfe mai taushi irinta, saboda haka murɗa shi da filaya ya kan karya shi nan da nan.

Rubutun Da Ke Bakin Rami

Kafin ka taɓa kome, ja birkin hannu. In mota tana kan gangare, a sa dutse ko waigi a taya. Sa'an nan ka sunkuya ka dubi bakin ramin makulli. Za ka ga rubutu kewaye da shi. A motoci da yawa kalmomi huɗu ne na Turanci: LOCK, ACC, ON, START. A waɗansu kuwa lambobi ne: 0, I, II, III. Ma'anarsu ɗaya.

START, wurin ta da inji ne. ON, wurin da makulli ke zama in mota tana tafiya. ACC, inji ya mutu amma rediyo yana aiki. LOCK, kome ya mutu, mota ta kulle. Makulli ba ya fita sai ya kai LOCK, ko 0. Ku rubuta wannan a littafinku.

Sau da yawa direba ya kan kashe inji, ya ji mota ta yi shiru, ya ɗauka makulli ya kai ƙarshe, alhali yana ACC. Ya yi ta ja, ya ƙi fita. A motoci da yawa, kamar waɗansu na Toyota da Honda, sai ka ɗan tura makullin ciki, sa'an nan ka murɗa baya, kafin ya wuce daga ACC zuwa LOCK. Wani lokaci ma an rubuta PUSH a wurin, watau "tura". Waɗansu tsofaffin motoci kuma suna da ɗan maɓalli kusa da ramin, sai an danna shi makulli ke fita. Wannan ba lalacewa ba ce. Da gangan aka yi haka, don kada direba ya kulle mota bisa kuskure tana cikin tafiya.

Dubi Giya

In makulli ya ƙi kaiwa LOCK, abu na biyu da za ka duba shi ne giya. Mota iri biyu ce. Akwai wadda direba ke taka kuloci ya canja giya da hannunsa. Akwai wadda ke canja giya da kanta, ita a ke kira otomatik. Motoci na hannu da a ke kawowa daga Amurka yawancinsu otomatik ne.

A gefen sandan giyar otomatik akwai baƙaƙe: P, R, N, D. D ta tafiya gaba ce, R ta baya, N ba giya, watau firi. P kuwa ta ajiye mota ce, tana kulle giya yadda mota ba za ta gangara ba. Tun shekarar 1992 dokar Amurka ta ce a ƙera mota otomatik yadda makulli ba zai fita ba sai giya tana P. Dalili kuwa, motoci sun sha gangarawa ba direba, musamman in an bar yara a ciki suna wasa da sanda.

Saboda haka dubi sanda. In tana D ko N, taka birki, mai da ita P, makulli zai fita. In ka ga kamar tana P amma ya ƙi, watakila ba ta zauna sosai ba. Mai da makulli ON, taka birki, jawo sanda zuwa N, sa'an nan ka mai da ita P, ka ɗan tura ta gaba har ka ji ta zauna. Ka kuma duba hanyar da sanda ke bi. Ƙwallon dabino, ko ɓawon gyaɗa, ko kwabo ya kan faɗa ciki ya hana ta kaiwa ƙarshe. A cire shi, shi ke nan.

Jijjiga Sitiyari

Abu na uku sitiyari ne. Saboda ɓarayi, masu ƙera mota sun sa wata ƙaramar sakata ta ƙarfe wadda ke kama sitiyari in an kulle mota. Amurka ta mai da wannan doka a 1970. Sakatar nan tana haɗe da gidan makulli.

To, in direba ya tsai da mota taya tana dafe da dutse, ko kututture, ko bakin kwalbati, tayar tana tura sitiyari, sitiyari kuma yana danne sakata. Makulli ba shi da ƙarfin da zai janye ta. Kun san yadda sakatar ƙofa ke cijewa in wani ya jingina da ƙyaure. Ba a dukan sakata, ƙyauren a ke ɗan turawa, sai ta zare. Nan ma haka ne.

Kama sitiyari da hannu ɗaya, makulli da ɗaya hannun. Gwada juya sitiyari dama, gwada hagu. Za ka ji gefe ɗaya ya cije kamar bango, ɗaya gefen kuwa yana ɗan motsi. Ja shi wajen da ya ke motsi, ka riƙe, sa'an nan ka murɗa makulli a hankali. Ƙarfin a sitiyari za ka sa shi, ba a makulli ba. Makulli yatsu biyu sun ishe shi. Wannan dabara ita ce maganin makullin da ya shiga ya ƙi juyawa da safe, ta kan kuma taimaka wa wanda ya ƙi komawa baya.

Gwada Batir

Abu na huɗu batir ne. A waɗansu motoci otomatik, abin da ke riƙe makulli har giya ta kai P da wuta ya ke aiki. In batir ya mutu, ba ya sakin makulli. Gane wannan ba wuya. Kunna fitila, danna ham. In fitila ba ta kama ba, ko ta yi ja kamar garwashi, ham kuma ya yi shiru, to, batir ne.

Buɗe gaban mota ka dubi kawunan batir. Biyu ne, ɗaya da alamar +, ɗaya da alamar −. Wani lokaci waya ce kawai ta yi sako-sako, ko wani farin gari ya taru a kai. A goge, a ɗaure. In kuwa batir ɗin ne ya yi sanyi, sai a nemi wata mota a jona mata wuta, ko a ari batir mai kyau. Batir na ƙaramar mota bolt 12 ne, sai a jona da irinsa. A lura ƙwarai, kada a juya wayoyi, kada kuma a kusanto da taba ko ashana. Wanda bai taɓa yi ba ya bar wa wanda ya iya. Da wuta ta dawo, makulli zai fita.

Ƙura Da Datti

In giya daidai ta ke, sitiyari ya saki, batir yana da wuta, to, laifin yana cikin ramin ko a jikin makullin. Ƙurar hanya da ta hunturu tana shiga ramin. Makulli kuma yana kwaso zare da ƙasa daga aljihu. A kwana a tashi sai datti ya cika, 'yan ƙarafan nan su kasa motsi.

A nan mutane da yawa ke kuskure. Su ɗiga man gyaɗa, ko manja, ko baƙin mai. Ran nan makulli ya yi santsi, kowa ya ce an gyara. Bayan 'yan makonni mai ya kama ƙura, ya zama kamar ƙullu, abin ya fi da lalacewa. Kada a sa mai irin wannan, kada kuma a sa ruwa.

Maganin yana hannunku yanzu haka, watau fensir. Baƙin abin nan da ke cikin fensir sunansa garafayit. Yana da santsi, ga shi busasshe, ƙura ba ta manne masa. In makulli yana waje, goga masa bakin fensir a haƙora, gaba da baya, ka sa shi ka fitar sau biyar ko shida, ka goge dattin da ya fito da tsumma. In yana ciki ya ƙi fita, kankare bakin fensir a kan takarda ya zama gari mai laushi, ban da itacen. Hura kaɗan ta gefen makulli. Sa'an nan ka riƙa motsa shi sama da ƙasa a hankali, kana ɗan ja. Kaɗan a ke sawa, kada a cika. Masu sayar da kayan mota kuma suna da garin garafayit da maganin fesawa da aka yi musamman domin makullai. In ana samunsu, sun fi fensir.

Makullin Da Ya Tsufa

Makulli yana cinyewa kamar yadda bakin fartanya ke cinyewa. In ya shekara goma yana shiga yana fita, haƙoransa su kan dushe. Wani kuma ya kan lanƙwashe, domin an mai da shi abin buɗe gwangwanin madara ko kwalbar lemo. In ka samu ya fita, aza shi a kan tebur ko gilashi. In bai kwanta daidai ba, ya lanƙwashe. In ka ga ɗan tsagu kusa da wuyansa, ya kusa karyewa. Kada ka sake sa shi. Ɗauko na ajiya.

In na ajiya ya yi aiki lafiya, laifin tsohon makulli ne, sai a yanko sabo. In shi ma ya cije, gidan makullin ne ya lalace, aikin ya zama na bakanike ko mai gyaran makulli. Ka kuma tabbata makullin motar ne a hannunka. Na wata mota irinta ya kan shiga, amma ba ya juyawa, wani lokaci ma ya maƙale.

In Ya Karye A Ciki

In an yi rashin sa'a ya karye, kada a tura guntun da ke hannu a bayan na ciki, domin ƙara cusa shi za a yi. Kada a sa gam don a manne su. Gam zai bi ya kama 'yan ƙarafan ciki, gidan makulli duka ya tashi aiki. Kada a zura ƙusa ko sukudireba. In guntun ya leƙo waje, a kama shi da filaya mai siririn baki, a ja shi a miƙe, ba murɗawa. In bai leƙo ba, a kira mai gyaran makulli, yana da 'yan ƙugiyoyi na wannan aiki.

A adana guntayen duka biyu, da su za a yanko sabo. Kan makullin nan na roba kuma kada a yar da shi. Motoci da yawa da aka ƙera daga wajen 1995 zuwa yau suna da wata 'yar na'ura a cikin kan makulli, wadda mota ke gane makullinta da ita. In babu ita, ko sabon makulli ya juya, inji ba zai tashi ba. Shi ya sa makullin irin waɗannan motoci ke da tsada.

In Tilas A Bar Mota Ta Kwana

Wani lokaci an yi duk abin da na faɗa, makulli bai fita ba, ga dare ya yi, bakanike kuma sai gobe. To, abu biyu za a ji wa tsoro, mutuwar batir da ɓarawo. In makulli ya tsaya a ACC ko ON, mota tana shan wuta ko da inji a kashe ya ke. A kwance wayar kan batir mai alamar −, a kau da ita gefe. Sa'an nan a kulle ƙofofi da makullin ajiya, ko yaron mota ya kwana kusa da ita. Mota da makulli a jiki, kamar akuya ce da aka ɗaure a bakin ramin kura.

Rigakafi Ya Fi Magani

Na farko, kada a rataya wa makullin mota kaya. Za ka ga direba ya haɗa makullin gida, da na shago, da na akwati, da 'yar wuƙa, duk a zobe ɗaya. Mota tana faɗawa ramuka, nauyin nan yana lilo, yana cin gidan makulli. Abin ya kan wuce lalata ƙarfe. A shekarar 2014 kamfanin General Motors na Amurka ya nemi a mayar masa da motoci wajen miliyan 2 da dubu 600 don a gyara su. Gidan makullinsu ba shi da ƙarfin riƙo, nauyin makullai ko girgizar hanya ya kan murɗa shi daga ON, inji ya mutu mota tana gudu. Asusun diyya da kamfanin ya kafa ya amince da mutuwar mutum 124 ta wannan hanya. Kafin a gama gyara, abin da aka gaya wa masu motocin shi ne su cire kome daga zoben, su bar makullin mota shi kaɗai.

Na biyu, kada direba ya kashe inji a kan gangare wai don ya rage shan mai. In inji ya mutu, birki ya kan yi tauri, sitiyari ya yi nauyi. In kuwa makulli ya kai LOCK, sitiyari yana iya kullewa ɗungum, mota ta nufi inda ta ga dama. In kana cikin mota ka ga direba zai yi haka, yi masa magana. Ranka ne.

Na uku, a yanko makullin ajiya tun na asali yana da haƙoransa. In aka yanko daga wanda ya cinye, sabon ma cinyayye ne. A ajiye shi a gida, ba cikin mota ba.

Na huɗu, in za a tsai da mota a miƙe tayoyi, kada a bar su dafe da wani abu. A ja birkin hannu, a sa giya a P, sa'an nan a kashe.

Na biyar, makulli ya kan yi gargaɗi kafin ya maƙale. In ya fara cijewa, yau sai an jijjiga, gobe sai an jijjiga, a kai shi gyara tun mota tana gari. Gyara a gareji ya fi gyara a daji arha.

To, jama'a, ga jerin abin a taƙaice, ku rubuta. Ja birkin hannu. Karanta inda makulli ya tsaya. Dubi giya. Jijjiga sitiyari. Gwada batir. Sa garin fensir. In duk bai yi ba, kira mai gyara. Filaya da dutse ba su cikin jerin nan. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, amma ba ya dukan makulli da shi.

Kafin mu tashi, ga tambayoyi huɗu, kowa ya gwada amsawa.

1. A wane wuri makulli ke tsayawa kafin ya fita?
2. Wane baƙi sandan giyar otomatik za ta nuna in za a cire makulli?
3. Don me ba a sa man gyaɗa a ramin makulli?
4. Me zai faru in direba ya kashe inji a kan gangare?

Wanda ya amsa su duka, ya gaya wa direban garinsu abin da ya ji yau. Ku sauka lafiya.